Randar Lidiya

Azumi matar Yamusa maginiyar tukwane ce a Ushafa, can gefen Bwari. Ta wajen aiki na san ta, ba ta wajen zumunci ba. Abin da zan rubuta a kanta abin da na gani ne da idona, sai kaɗan da 'yarta Lidiya ta faɗa mini daga baya.

A shekarar 1959, ina akawu a ofishin da ke kula da makarantun ƙasar Abuja ta da, aka ɗora mini shirya fitar da 'yan ajin ƙarshe suke yi kowace shekara don su ga gari da kewayensa. Wuraren ba su da yawa, kuma ba sa canzawa. Ana farawa da abin da ya rage na ganuwa, malami ya tsaya ya nuna inda ƙofofi suke a da. Daga nan a gangara Mayanka a ga ruwa yana zubowa, a yi ta hana yara matsawa kusa. A bi ta marina. In an sami mota, a kai su inda ake hango Dutsen Zuma sosai. Duk waɗannan ba su da wahalar shiryawa, domin ko yaushe aka je suna nan, ba sa ciwo, ba sa zuwa gona. Wuri ɗaya ne kawai a cikin tsarin da yake mutum ne, shi ne Azumi.

A cikin gari akwai gidan koyon tangaran inda ake ɗora yumɓu a kan faifai mai juyawa. Amma manyanmu suka ce wannan sabon abu ne, ya kamata yara su ga yadda ake ginin tukunya tun asali. Aka aika wa mai unguwar Ushafa, shi kuma ya nuna Azumi, saboda ita ke gina randa mafi girma a ƙauyen, kuma tana jin Hausa. Ba wanda ya tambaye ta. An dai sanar da ita.

Lokacin da na fara ganinta ta ba shekara arba'in baya. Gajeriya ce, mai ƙarfin hannu. Kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka, domin matan Gbagyi, waɗanda mu a gari muke kira Gwari, a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba, ita kuwa tun tana yarinya take ɗauko yumɓu daga rami. Wajen yayar uwarta ta koyi gini. Mijinta Yamusa manomin doya ne, mutum marar magana. 'Ya'yansu maza biyu sun tafi aikin jirgin ƙasa a Minna, Lidiya ce kaɗai ta rage a gida. Hausar Azumi tana fita sarai, sai dai ba ta damu da raba namiji da mace a magana ba.

Ga yadda take aiki. Tana ɗora curin yumɓu a kan wani tsohon kasko da aka kife, ta dunƙule hannu ta huda tsakiyarsa, sannan ta fara jan gefen sama. Tukunyar ba ta motsi ko kaɗan. Ita ce ke zagaya ta, da baya da baya, a sunkuye, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, tana ƙara yumɓu a murɗe kamar igiya har jikin ya tashi ya kai mata ƙugu. Abu na ƙarshe shi ne baki. Takan jiƙa wani ɗan guntun fata, ta kama leɓen tukunyar da shi, ta zagaya da sauri ba tsayawa, har bakin ya fito sumul. A nan ake gane maginiya. In ta tsaya a tsakiya, inda ta tsaya zai nuna. Kuma ba a jinkirta shi: akwai lokacin da yumɓu ya sha iska daidai, ya iya riƙe kansa amma bai ƙi hannu ba. In ya wuce wannan, ya wuce.

Wannan zagayen baki shi ne abin da malamai suka fi so yara su gani. Saboda haka tun fitar farko aka kafa doka: ta gina jiki kafin mota ta zo, amma kada ta ja baki sai yara sun taru. Ni nakan kwana a Bwari gidan wani abokina, in shigo Ushafa da safe a keke, in tabbatar an share fili, an ajiye ruwan sha, sannan mu zauna jiran mota.

Mato direba ne ke kawo yaran. Shi da Azumi ba su taɓa haɗuwa ba tare da tsokana ba.

"Inna, har yanzu kina nan kina zagaye?" in ji shi, yana saukowa. "Ni da na zagaye ƙasar nan kaf ban gaji ba."

"Mota ne ke tafiya," in ji ta. "Kai zaune kake kamar kaza a kan ƙwai."

Yara su yi dariya, hedimasta Malam Dallatu ya daka musu tsawa, su jeru. Ta tashi ta ja baki, su tafa. Sai a ba su izinin matsowa su duba, kuma duk gargaɗin da za a yi, sai ka tarar da yatsu a jikin tukunyar bayan sun tafi. Wani ma yakan rubuta harafin sunansa da tsinke. Don haka tukunyar 'yan makaranta ba ta taɓa shiga wuta ba. Da motar ta ɓace, Azumi takan rushe ta, ta mayar da yumɓun cikin rami mai rufi. Aikin yini guda ke nan, da na shekaranjiya da aka yi ana haƙa da kwaɓi. Ofis yakan ba ni sandar sabulu da ƙullin gishiri in kai mata. Takan karɓa da hannu biyu, ta miƙa wa Lidiya ba tare da ta duba ba.

Da fari makaranta ɗaya ce. Da labari ya bazu, sai wasu makarantun suka nemi a sa su, har ya zama kowane rani mota takan je Ushafa sau da dama. Wani zuwan yakan faɗa ranar kasuwa, wani ranar da matan ƙauyen suka shirya gashin tukwane, sai a ɗaga gashin saboda ita, matan kuma su yi ta gunaguni. A shekara ta uku na lura tana dafa ƙasa kafin ta miƙe. A ta huɗu ta fara ɗaure gwiwar hagu da tsumma.

"Akawu," in ji ta wata rana muna jira, "bana ka cire ni."

"Ba ni ke cirewa ba, Uwar Lidiya. Ni rubutawa kawai nake yi."

"To rubuta ka ce Azumi ya mutu."

"In na rubuta haka za su zo gaisuwa, da yaran duka."

Ta yi dariya kaɗan, ta ci gaba da murza gwiwarta.

Na kai maganar ofis a rahoton wannan shekarar, na sake kaiwa a na shekarar da ta biyo. Amsar duka biyun ɗaya ce: a bari zuwa baɗi, a ga ko za a sami wata. Mai unguwa ma bai so a canza ba. Zuwan mota ƙauyensa abu ne da yake jin daɗinsa, kuma yana tsoron in an taɓa tsarin a mayar da ziyarar wani ƙauye. Azumi kuwa ba za ta ce wa mai unguwa a'a ba. A gabansa aka ɗaura aurenta, kuma ramin yumɓun da take haƙa a filin gidansu yake.

A farkon 1965 aka sa ranar auren Lidiya da wani kafinta mai suna Abraham, ɗan wani ƙauye a bayan Bwari, za a yi bayan bikin Ista. A zuriyar su Azumi 'yar maginiya ba ta shiga gidan miji da randar kasuwa, ko wadda wata ta gina. Uwarta ke gina mata da hannunta. Ranar da aka kai amarya, matan gidan miji sukan zo ɗaya bayan ɗaya su zagaya bakin randar da yatsa. Ba sa cewa komai a lokacin, amma abin da yatsa ya ji shi ake faɗa a rafi shekara da shekaru. Azumi ta gina wa 'yar ƙanwarta marainiya irin wannan randa tun da jimawa, har yau ana kwatance da ita. Ta Lidiya ce ta rage mata.

Wannan rani gwiwar ta tsananta. Ta daina gina manyan kaya gaba ɗaya, tana tattalin ƙafar. Lidiya ce ta haƙo yumɓun, ita kuma ta zauna ta tsince tsakuwa a cikinsa da yatsa, ta kwaɓa, ta rufe shi ya kwana biyu yana laushi. Ana cikin haka saƙonmu ya isa cewa makarantar Malam Dallatu za ta zo a makon.

Da na shigo da safe na tarar da randa a tsaye a inuwar mangwaro, ta fi duk wadda na taɓa gani a filin. Jikinta ya gama tashi, saura baki. Azumi tana zaune a kan turmi, ta miƙe ƙafar hagu, zufa ta jiƙa mata zane.

"Wannan ta yi wa 'yan makaranta girma," na ce.

"Na Lidiya ne."

"Uwar Lidiya, kin san hannun yaran nan."

"Ƙafa ba ya iya randa biyu, Akawu. In na yi na makaranta yau, na Lidiya babu. In na yi na Lidiya, mai unguwa ya ce ina na makaranta. To ga shi, ɗaya ne. Su gani, su tafi. Kai ka tsare mini yatsunsu."

Na ce zan tsare. Na nemi igiya na kewaye randar da turaku huɗu, yadda ba mai iya kai hannu. Abin da ya rage shi ne mota ta zo da hantsi kamar yadda aka tsara.

Hantsi ya yi, ba mota. Lokacin bazara ne, iska ba ta motsi, zafi tun safe. Lidiya ta jiƙa tsofaffin zannuwa ta lulluɓe saman randar. Inuwar mangwaron ta fara janyewa, Yamusa ya tashi ya kafa zana ta gefen rana, ya koma ya ci gaba da gyaran ƙotar fartanyarsa. Can an jima Azumi ta sa aka ɗaga zanen, ta miƙa hannu ta latsa leɓen da babban yatsa.

"Yanzu ne," in ji ta, a hankali.

"To tashi ki ja, Mama," in ji Lidiya. "In sun zo su ga randa. Randa ba abin gani ba ne?"

Azumi ta dube ni. Na ce mata gaskiya: ba ni da ikon ɗage dokar, amma in ta ja, zan rubuta cewa mota ce ta makara, kuma haka ne. Ta dafa turmi za ta miƙe, sai ga mai unguwa ya shigo da babbar rigarsa ta tarbar baƙi. Ya ga fatar a hannunta.

"Azumi, me za ki yi?"

"Yumɓu yana bushewa, Baba."

"Ki ƙara masa ruwa. Mutane sun taso tun daga Abuja saboda wannan abu ɗaya. Su zo su tarar an gama, in ce musu me?"

"Baba, na aure ne," in ji Lidiya.

"Na sani, 'yata. Ai shi ya sa zai yi kyau a gani. Yanzu za su iso."

Ya sa aka kawo masa kujera ya zauna a wurin. Azumi ta mayar da fatar cikin ƙwaryar ruwa. Lidiya ta shige ɗaki, ta fito, ta sake jiƙa zannuwan, ta sake shigewa. Na hau keke na je har bakin hanya na dawo, ba ƙura ba ƙara. Aka yi azahar, na yi salla a gindin mangwaron. Azumi ba ta ci abincin da aka kawo mata ba. Tana zaune wuri ɗaya, ƙafar a miƙe, lokaci lokaci ta taɓa leɓen randar ta janye hannu.

Sai da rana ta karkata sosai muka ji motar. Ashe Malam Dallatu ya juya tsarin, ya ce a fara da Zuma tun da sanyin safiya a ƙare da Ushafa, sannan taya ta fashe musu a hanyar Bwari. Yaran suka sauko a galabaice, wasu da ɓawon rake a hannu. Mato ya buɗe baki zai yi tsokanarsa, ya dubi fuskar Azumi, ya fasa.

"Sannu da jira, Inna," kawai ya ce.

"Sannu, Mato."

Malam Dallatu ya jera yaran a bayan igiyar, ya yi musu bayanin da yake yi kowace shekara, ya ce su lura da ƙafafunta. Lidiya ta yaye zannuwan. Azumi ta yi yunƙurin tashi, ƙafar ta ƙi, domin ta sandare da dogon zama. Yamusa ya zo ya ɗaga ta. Ta tsaya kaɗan tana lanƙwasa gwiwar, ta shafa wa leɓen ruwa da tafin hannu, ta ɗauki fatar.

Zagayen farko ya tafi daidai, ko da yake na ga tana danna hannu fiye da yadda ta saba, saboda yumɓun ya yi tauri. Bakin ya fara buɗewa yana kwantawa waje. Ta shiga na gaba da sauri. Ta kai gefen da zanar take, sai gwiwar ta saki. Ba ta faɗi ba. Ta tsaya ne cak, nauyinta duka ya tafi kan hannun da ke riƙe da leɓen. Ta ja numfashi, ta ƙarasa zagayen tana jan ƙafar.

"Kun gani," in ji Malam Dallatu ga yaran, "ta tsaya ne don ta duba aikinta. Haka ake so mai sana'a ya yi."

Suka tafa. Ba wanda ya taɓa randar, na tsare igiyar kamar yadda na yi alkawari. Ba su daɗe ba, domin Mato yana so ya wuce mummunan wurin hanyar da sauran haske. Mai unguwa ya raka su har mota.

Da fili ya yi shiru, muka matsa. A gefe ɗaya leɓen ya lotsa, kamar faɗin yatsu biyu. Azumi ta jiƙa wurin, ta tura daga ciki, ta lallaba daga waje. Ya ɗan taso, amma yumɓun ya riga ya ƙi hannu, sai ya bar wani ɗan tudu da kwari da ido ma yake gani, balle yatsa.

"Lidiya, kawo taɓarya."

"Ba zan kawo ba."

"Kawo in fasa."

"Ki fasa in shiga gidan Abraham da me? Da tafin hannu? Wane yumɓun ya rage? Wace ƙafar?"

Maƙwabciyarsu Alice, wadda ita ma maginiya ce, tana tsaye a bakin zana. Ta ce in Azumi ta yarda, ita za ta gina wata cikin dare biyu, ba wanda zai sani.

"Ni zan sani," in ji Azumi. Ta koma kan turmin ta zauna. "Ku shigar da shi inuwa."

Na miƙa sabulu da gishirin ofis ga Lidiya, na yi sallama, na hau keke.

Sauran daga bakin Lidiya na ji. Da randar ta ɗan sha iska, Azumi ta yi mata zanen ado a zaune, Yamusa da Lidiya suna juya mata ita a kan tabarma, abin da ba ta taɓa yarda a yi mata ba. Aka gasa ta tare da kayan sauran mata, aka yayyafa mata makuba tana da zafi, ta fito baƙa mai sheƙi, ba tsaga ko ɗaya. Ranar kai amarya matan gidan Abraham suka zo suka zagaya bakin da yatsa. Kowace in ta iso wurin sai yatsan ya ɗan tsaya, sannan ya wuce. Daga baya maganar da ta fito daga rafi ita ce, ashe tsufa ya kama Azumin Ushafa. Ba wanda ya ambaci mota.

A rahoton wannan shekarar na rubuta lokacin da aka tsara, da lokacin da mota ta iso, da halin da ƙafar maginiyar take ciki. Aka sa hannu aka ajiye. Da rani ya zagayo aka aika wa mai unguwa kamar kullum, sai shi da kansa ya amsa cewa Azumi ba ta iya tsayuwa, ya ba da sunan Alice. Na canza sunan a tsarin. Dokar jan baki tana nan yadda take.

Na ci gaba da zuwa Ushafa har aka mayar da ni wani sashe a 1970. In na shigo da safe nakan biya in gaida Azumi kafin in wuce gidan Alice. Nakan same ta a ƙofar ɗaki tana yin ƙananan kasake da 'yan tukwanen miya, waɗanda ake iya yi a zaune a kan cinya. Ba ta zuwa kallon 'yan makaranta, ko da yake filin Alice bai fi jifa ba daga inda take.

"Sun zo a kan lokaci?" takan tambaye ni in zan koma.

Wani lokaci in ce e, wani lokaci in ce a'a. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da abin da take yi.

Randar tana nan a gidan Lidiya, a bayan ƙofa, kuma ta ce ba ta taɓa yoyo ba, ruwanta ya fi na kowa sanyi a gidan. Azumi ta je can sau biyu, lokacin haihuwar jikokinta, ta yi makonni kowane zuwa. Lidiya ta ce duk zaman da uwar ta yi ba ta sha ruwan randar ba. In ƙishi ya kama ta, sai ta ce a ɗebo mata na tulu.